Firjin Mai Ƙanƙara

Inna ce ta jawo wa yayana. Da ya zo hutu daga Turai, duk wanda ya shigo barka da zuwa sai ta ce, "Karatun sanyaya iska yake." Kafin sati ya zagayo, wani mai sayar da ƙanƙara daga Kankia ya sauke mataccen firji a ƙofar gidanmu a Kusada. Na yi dariya har da hawaye. Shi ko murmushi bai yi ba.

Niyyarsa ya koma ya ƙarasa bincikensa. Ya taɓa yi mini bayani muna ɓarar gyaɗa. Wata irin iska suke tarawa a ƙaramar kwalba, su sanyaya ta da haske na musamman har ƙwayoyinta su kusa daina motsi. In sun natsu haka, sukan ji juyi komai ƙanƙantarsa, har juyawar duniya. Amma da ɗumi ya ɗan taɓa su, kowace ta kama gabanta, awon ya dagule.

Sai ciwon suga ya kwantar da Inna. Allurarta ba ta son zafi, ga bazara, ga wuta sai ta ga dama. Ya buɗe firjin nan da ya ƙi ko kallo, ya yi ta fama har ya tashe shi da sola. Mai shi ya bar mana aro. Shi ke nan, labari ya kai Mawashi da Kaikai, ƙofar gida ta cika da firji.

Damina ta wuce, wata ta bi ta. Haushi nake ji in na ga ana taya shi ciniki kamar nan aka raine shi a sana'ar.

Bayan Inna ta rasu, na same shi gindin darbejiya, hannu duk baƙin mai.

"Yaya, yanzu mi ya rage? Ka koma mana."

Bai ɗago ba. "In iskar ta ɗumama ta watse, kin san mi muke yi?"

"Ku sake sanyaya ta."

"A'a. Ba a bin ta. Sabuwa ake ɗebowa." Ya goge hannu da tsumma. "Tun bara suka ba wani wurina."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya ce in miƙo masa filaya. Na miƙa masa.