Mashi da Tauraro a Gefen Shafi

"To, datti ne ke nan," in ji Horiyon. "Shekara biyu ina zuba datti a maganar Allah ban sani ba."

"Baba, ban ce datti ba. Cewa na yi alamomin da kake sawa a gefen shafi suna rikita mai karatu." Fibammon, shugaban ikilisiyarsu, ya gyara tsayuwa. "Ranar Lahadi yana karatu ya iso layin da ka zana wa alamar mashi, ya tsaya yana raba ido, ya karanta ne ko ya tsallake. Har mata suka soma dariya."

Littafin na buɗe a kan teburin Horiyon. Fibammon ya kawo shi ne don Horiyon ya rubuta shaidar ƙarshe, cewa shi ya kwafa, ya kuma gwada da asali. A Iskandariya ba mai amincewa da littafin da ba shi da ita. Sai dai shafi goma sha ɗaya an bi gefensu da dutsen goge, har fatar da aka yi rubutun a kai ta yi fari fat.

Horiyon ɗan masunci ne daga bakin tafki. Wata kaka ce ta ga yana zane a ƙasa da tsinke, ta ja shi wurin wani mai kwafar littattafai, a can ya tsufa. Ba malami ba ne, bai taɓa yin wa'azi ba. Abu ɗaya maigidansa ya dasa masa: idan littattafai biyu suka saɓa, ba a zaɓar ɗaya a binne ɗaya. Layin da ke cikin tsohuwar fassarar da mutum saba'in suka yi wa littattafan annabawa zuwa Helenanci, harshen Girkawa, amma babu shi a asalin Ibrananci, sai a zana masa ɗan mashi a gefe. Wanda ke Ibrananci amma saba'in ɗin ba su kawo ba, a shigar da shi, a sa masa tauraro. Duk mai ido ya san daga ina kowanne ya fito.

Da yake ba ya jin Ibrananci, shekara talatin yana kai kansa unguwar Yahudawa, gidan Dositiyos majemi. Dositiyos ya karanta, Horiyon ya bi da yatsa, suna yi suna faɗa. Dositiyos kan ce kakanninsa har biki suke yi a bakin teku kowace shekara don wannan fassara, sai da Kirista suka ɗauke ta suka cika ta da ƙari, malaman Yahudawa suka koma wata sabuwa mai bin Ibrananci sawu da sawu. Horiyon kan ce masa ya yi ta karatu dai, ba tarihi aka zo ji ba. Daga nan matar gidan ta kawo musu wake da albasa.

Yanzu idon Horiyon ya soma hazo. Shi da kansa ya san wannan ne babban littafinsa na ƙarshe.

"Wa ya goge?" ya tambaya.

"Ni na sa."

"Ka san abin da ka yi kuwa? Layukan duk suna nan, ka dai cire musu shaida. Ka zuba ruwan kogi a na teku. Bayan shekara hamsin wani zai kwafa daga nan, ya rantse haka saba'in suka rubuta."

"Maganar Allah ɗaya ce, Baba. Kuma kowa ya san inda muke da layi su ba su da shi, Yahudawa ne suka yanke."

"Kowa? Kai ka gani? Littafin Dositiyos ya girmi kakanka, na shafa shi da hannuna, ba inda wuƙa ta taɓa." Ya dafa shafin da aka goge. "Manyan da suka fi ka karatu sun ce Ruhun da ya yi magana da annabawa shi ya yi da mafassara, ya faɗi wani abu a can, ya faɗi wani a nan. Su ba su ji tsoron bambancin ba, sun zauna sun yi ta tunani a kansa. Kai da na ga ranar da aka yaye ka, dariyar mata uku ta sa ka ɗauki dutse."

Fibammon ya ce, "Kana yawan zama gidan majemin nan. Mutane na magana."

"Su yi. Ba ni kwana huɗu in mayar da alamomin, sannan in rubuta maka shaida."

"Ba za a mayar ba. Sauran ma gogewa za a yi kafin bikin Ista."

Horiyon ya jawo littafin gabansa. Sannan ya juya zuwa shafin ƙarshe, ya tsoma alƙalami, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa fatar. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, yana faɗa a fili: "An goge alamomin wannan littafi bayan ya bar hannun Horiyon. Kada kowa ya kwafa daga gare shi."

"Wannan ai ba shaida ba ce."

"Ita kaɗai nake da ita."

"Ita ma sai in sa a goge."

"Goge mana. Hannunka ya saba. Ka ga sai ya tafi ba sunan kowa, duk wanda ya buɗe ya tambayi dalili, kai kuma ka amsa."

Ya tura masa littafin tun tawadar ba ta bushe ba. Akwai wata gwauruwa da ya yi wa alkawarin ɗan littafin addu'o'i, fatun da zai rubuta shi a kai kuma na can wurin Dositiyos tun shekaranjiya. Ya ɗauki sandarsa, ya raɓa ta gefen Fibammon, ya gangara yana laluben bango da hannu ɗaya.