Koriyar takarda a bakin zane

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, jikata ke rubuta abin da nake faɗa. Zamanin Faransa ni ce matar da ake shakka a unguwarmu a Dakoro. In na ce a yi, ba mai musu. Shekarar da gardawan kwamanda, dogaran Nasara, suka zo kamun yara lakwal, na tura ɗana cikin rumbu na rufe shi da damman gero. Ƙanwata ba ta yi dabara ba, aka tafi da nata. Na taya ta kuka, a raina ina hamdala.

Shekaru suka ja, ɗan nata ya dawo da farar riga, yana magana da Nasara ba tafinta. Nawa kuwa yana bakin rijiya yana ja wa garken wani Buzu guga. Da zaɓen konseye na majalisa ya zo, wanda mata suka fara jefa ƙuri'a, aka tsai da ɗan ƙanwata takara. Duk guɗar da aka yi a ƙofar ƙanwata, a ƙirjina take sauka.

Ta zo ta durƙusa, ta ce Yaya, matan nan maganarki kaɗai suke ji, in koya musu jefa ƙuri'a. Takardar ƙuri'ar ɗan nata koriya ce, ta abokin takararsa rawaya. Na tara su gindin aduwa, na ce wanda kuke so ba a jefa shi cikin akwatin Nasara, a bakin zane ake ƙulle shi. Rawayar za ku jefa a rabu da ita. Wata tsohuwa ta ce ai haka hankali ya ce, wa ke yar da abin da yake ƙauna?

Ya faɗi. Kafin labari ya iso, matan suka taho gidan ƙanwata suna kwance bakin zane, kowacce na nuna mata koriyarta da murna, suna cewa Yaya ce ta koya mana. Ina nan zaune, ƙanwata ta dube ni sau ɗaya. Har ta koma ga Allah tana gaishe ni da ladabi, amma ba ta ƙara shan ruwan randata ba.

Ni na ɓoye ɗana, ba ita ta ɓoye mini shi ba. Sai da na tsufa na yarda da haka. Ƴan'uwana mata, in aka ba ku amanar waɗanda ba su sani ba, ku fara duba zuciyarku. Ɗan nata, wanda na kayar, shi ke aiko mini da gero har yau.