Sitikar Garanti da Sukudireban Baba

Laftof ɗina bai yi wata biyar a hannuna ba ya yi mini tsiya. Ina tsakiyar buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, a ɗakin da nake haya a Birnin Kudu, sai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, 'yar fitila na ci, amma ko harafi ɗaya babu. Na kashe na kunna, na cire caja na mayar, na zage shi, na dawo na ba shi haƙuri. Ko gezau.

Na kira shagon da na saya a Kano. Mai shagon ya ce in kwantar da hankalina, akwai garantin shekara guda, kamfani zai gyara kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: a ƙasan laftof ɗin akwai wata 'yar sitika manne a kan noti, in aka yaga ta, to babu ruwansu. Ya ja mini kunne kada in bari kowa ya buɗe shi, ko wane ne.

Ran Juma'a na tafi gida Gwaram kamar yadda na saba, da shi a jaka, don ba na yarda in bar shi a ɗakin haya. Babana mai gyaran rediyo ne tun ba a haife ni ba, da wannan sana'ar ya yi mini makaranta. Da waya ta kashe kasuwar rediyo sai ya bar rumfarsa ya dawo zaure, wani lokaci mako ya wuce ba wanda ya kawo masa ko tocila. Amma a gidanmu ba a taɓa fita da wani abu gyara waje ba. Agogo, fitila, keken ɗinkin Inna, duk hannunsa ne.

Inna ce ta gaya masa, ita da ba ta iya riƙe magana. Kafin in gama cin tuwo ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburinsa, ya jera sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, ya ajiye ɗan faranti na zuba notuna, ya ɗaura tabaransa mai zare. Rabon da in ga fuskarsa da irin wannan fara'a har na manta. Ya ce in kawo, ba gyarawa zai yi ba, dubawa kawai.

Na yi masa bayanin garanti tiryan-tiryan. Ya yi dariya, ya ce sitika kuma wani abu ce? Da reza zai ɗaga ta ya mayar, ko wanda ya manna ta ba zai gane ba. Ya karɓa ya kifa shi, ya ɗauko rezar. Ni kuwa idona na kan hannunsa, kuma hannun rawa yake yi. Tanadina na shekara biyu ne kife a kan teburin nan. Da bakin rezar ya taɓa gefen sitika sai na fizge abina.

"Baba, wannan fa ba rediyo ba ce."

Ya ajiye rezar, ya cire tabarau, ya naɗe ƙyallen da kayan a ciki. Har gobe ina cewa ina da gaskiya, ai ba rediyo ba ce! Amma gaskiyar ba ta hana ni jin kamar na haɗiyi garwashi ba.

Litinin na kai shi Kano. Wata yarinya a ofishin kamfanin ta haska sitikar da fitilar waya, ta juya ta, ta ce lafiya lau take, in dawo bayan mako biyu. Mako biyun nasu ya zama wata da ɗoriya. In na kira a ce kayan gyara na hanya daga Legas, in na sake kira a ce injiniya ya fita. Wata rana har na tambayi yarinyar ko a kan jaki aka ɗoro kayan. Ta kashe wayarta.

Zama ya gagare ni. Jarrabawa da hannu na rubuta ta, ina yi ina tsaki. In ina Birnin Kudu hankalina na Gwaram, in na je Gwaram kuma in rasa inda zan sa kaina. Baba yana amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan sama a wajenmu, amma ko da wasa bai ambaci laftof ba. Inna ta ce ya tura kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Maƙwabci ya kawo masa rediyo, ya ce a kai wa yaran da ke gyara a kasuwa, shi idonsa ya yi rauni. Na yi dabara, na aro wata matacciyar rediyo wurin abokin aikina na kai masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in kai wa yaran kasuwa. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan huce a kansa.

Ranar da suka ce in zo in karɓa, daga Kano ban sauka a Birnin Kudu ba, na zarce Gwaram. Muna wuce garin Kiyako ina ta shirya abin da zan faɗa, ina rushewa. Na sami Baba a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora laftof a kan teburin da babu komai a kansa, na kunna. Fuskarsa ta kawo tar.

Ya taso ya sunkuya yana kallo, hannuwansa biyu a baya. Ya tambayi abin da suka ce ya lalace, na ce wata siririyar waya ce suka canza. Ya gyaɗa kai. Ya daɗe a haka, sannan ya juyo ya dube ni, a zaurensa, a gaban teburinsa.

"An yarda in taɓa?"

Na ɗaga masa kai alamar e. Ya goge yatsansa a jikin rigarsa, ya taɓa gefen murfin kaɗan, ya mayar da hannunsa baya.