Sunan ɗan fari

Kwamfutar falonmu ɗana na fari ne ya haɗa ta da talabijin, kafin ya bar unguwarmu New Bell a Douala ya bi hanyar sahara neman Turai. Ya bar mana rimot, ya nuna mini maɓallin tsayarwa da na komawa baya. Wata bakwai yana kira, daga nan shiru.

Ƙanwarsa, mai aikin ofis a unguwar Bassa, ita ke nemo mana bidiyo a intanet. Wata Lahadi ta buɗe wani na mutanen da aka tsamo daga teku, an lulluɓa musu barguna. Uwarsu ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi, tana duba fuskoki. A ƙarshe rubutu ya fara hawa sama, layi bayan layi. Yarinyar ta kashe da sauri.

"Mene ne wancan?" na tambaya.

"Ba komai, Baba. Sunayen masu ɗaukar hoton ne."

A lokacin ina wata na biyar a ajin manya da ake yi bayan la'asar a bayan masallaci. Karatuna sai da baki, ina haɗa baƙi da baƙi a fili, in ba haka ba ba na ganewa. Kalma ɗaya ce na sani da ido kawai: sunan ɗana. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, kuma sunan mahaifina ne. Shekara ashirin da shida ban furta shi ba. Maƙwabcina ne ya faɗa wa malami, ya rubuta mini a bangon littafina.

Ranar Talata uwarsu ta tafi kasuwa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bidiyon na nan a jerin waɗanda aka kalla, na gane shi da bargunan. Na tura shi ƙarshe, na tsayar. Kalmar da ke sama ta Faransanci ce, wadda ake faɗa a sanarwar mutuwa a rediyo. Na bi layukan da yatsa, ina karantawa a fili. In na gama guda biyar sai in saki, su hau, in sake tsayarwa. Sau biyu wuta ta ɗauke, na jira, na faro daga farko.

Bakina ya riga idona. Na ji kaina na faɗi sunan, da nawa a bayansa, da Douala.

Na bar hoton a tsaye har yarinyar ta sauka daga babur da yamma. Ta dubi talabijin, ta dube ni, jakarta na ɗigar ruwa.

"Tun Lahadi ba na barci, Baba."

"Na sani. Ajiye jakar."

Uwarsu ta dawo, tana kicin tana zuba tuwo, har da kwanon da take rufe wa ɗanmu kullum. Na kashe talabijin, muka shiga wajenta tare.