Kafin Ƙanƙara Ta Kwanta

Duk wanda ya taɓa tura kwalekwale cikin tafkinmu a lokacin girbin shinkafar daji ya san Clement Bellanger, ko da ta ƙeya ne. Dogon tsoho ne mai faɗin kafaɗa, kullum da wata jar hula da rana ta cinye launinta. Yakan tsaya a ƙarshen kwalekwale da doguwar sandarsa yana turawa a hankali, kamar mai gudun ya tashi wani daga barci. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi sai ya ɗaga haɓa, in ka tambaye shi hanya ya nuna maka da leɓe.

An haife shi a wani gidan katako mai ɗaki ɗaya a bakin tafkin, nan arewacin Minnesota. Mahaifiyarsa Angeline ita ce mai labarun hunturu a wannan gefen. Da zarar ƙanƙara ta kwanta a ƙasa, sai maƙwabta su cika ɗakin bayan faɗuwar rana, su kewaye murhu, ita kuma ta fara. Ba a taɓa waɗannan labaru sai ƙasa ta rufu, lokacin da waɗanda ake ambata a cikinsu suka yi barci. Kowane ɗan ƙabilarmu ta Ojibwe ya tashi da sanin haka, kuma an sha tsorata shi da cewa wanda ya yi gaggawa, kwaɗo zai kwana a shimfiɗarsa.

Yana ɗan shekara bakwai mota ta zo ta kwashe yaran unguwar zuwa makarantar kwana. Aka aske masa kai, aka ba shi lamba, aka hana shi yarensa. Kafin ya samu hutun farko, tarin fuka ya ɗauke Angeline a wani asibiti mai nisa. Ba ta bar hoto ba. Clement ya sha gaya wa matarsa Lorna cewa yana tuna hannayen uwarsa sarai, har da tabon wuƙa a babban yatsanta, yana tuna ƙamshin hayaƙi a rigarta, amma muryar ta ɓace masa. In ya rufe ido yana ganin bakinta yana motsi, shiru.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yankan katako a masana'anta. Yaren ya dawo masa rabi da rabi, a wurin suyar shinkafa, inda yakan zauna kusa da tsofaffi yana juya tukunya yana kasa kunne. Ya haifi 'ya'ya uku, ya binne biyu, daga baya ya binne Lorna. Cikin jikokinsa, Renita ce ta fi manne masa. Ita ce ta tafi jami'a a birni, tana babban karatu a kan yadda sanin mutanenmu ya shiga littattafan Turawa, da abin da ya same shi bayan ya shiga. Shi yana ce mata Farfesa, don tsokana. Ita tana ce masa Shoomis, yadda jikoki ke kiran kakansu.

A bazarar da ya cika saba'in da uku likita ya ga ciwon daji a huhunsa. Ya ce watakila ya kai kaka, amma ba zai yi masa alkawarin hunturu ba. Clement ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce to ai zai samu girbin bana.

Ana saura 'yan kwanaki a fara girbin Renita ta iso da rana tsaka, ba ta ko kashe motar da kyau ba. Ta same shi a ɗakin girki yana fere sandunan kaɗa shinkafa. Ta ce masa a ƙarƙashin ɗakin karatu na jami'arsu akwai wani ɗakin ajiya, a ciki ta samu kwalin faya-fayan wani masani da ya zo tafkin nan a watan Janairu na 1953. A jikin ɗaya an rubuta sunan tafkin, sannan: mace ta huɗu, kimanin shekara talatin, labarun hunturu. Babu suna. Amma ta bi lissafin matan da ke ba da labari a lokacin, mai waɗannan shekarun ɗaya ce tak.

Clement ya ajiye wuƙar. Ya tuna mutumin. Wani siririn Bature ne mai tabarau, wanda ya fara zuwa da damina lokacin hutun jami'ar da yake aiki, Angeline ta ba shi shayi ta ce ya koma sai ƙasa ta yi fari. Ya kuwa dawo, da taba a hannu yadda aka koya masa, da wani akwati mai faranti biyu masu juyawa, wanda ya jona da batirin motarsa.

Renita ta ce an kwafe mata muryar a waya. Ba ta saurara ba, so take su ji tare. Sai ta ciro ɗan ƙullin taba ta miƙa masa, yadda ake yi in za a roƙi babba wani abu mai nauyi. Wanda ya karɓi taba ya ɗauki alkawari ke nan, babu komawa baya. Clement ya dubi ƙullin. Ya dubi taga, inda ciyawa ke kore shar har bakin ruwa. Sai ya cusa hannayensa biyu a hammata.

"Shoomis, na'ura ce fa. Ba wanda zai buɗe baki ya faɗi komai."

"Su da ke cikin labarin, kin ji an ce kunnensu yana bambanta na'ura da baki?"

"Shekara sittin da shida ɗalibai na kunna shi duk watan da suka ga dama. Ban ji an ce kwaɗo ya cinye kowa ba."

"Waɗannan ba 'ya'yanta ba ne," in ji shi. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fira. "Ita ta sa Bature ya jira wata shida. Ni da ta haifa ne zan kasa?"

Renita ta buɗe baki za ta ambaci abin da likita ya ce, sai ta fasa. Shi ma ya san abin da ta haɗiye. Ya ce mata ta mai da tabarta aljihu, kuma ta je ta kashe fitilar motarta, duk karatun nan bai koya mata wannan ba.

Ya yi girbin shekarar, amma a zaune. Renita ce ta tura kwalekwalen, shi yana lanƙwaso kan shinkafar da sanda ɗaya yana kaɗawa da ɗayar, yana yi mata tsiya cewa tana tuƙi kamar mai gudun ɗan sanda. Suka soya, suka tattake, suka sheƙe. Ya zuba kason farko a ruwa don godiya, yadda aka gada. Bayan nan bai ƙara shiga tafkin ba.

A watan Oktoba aka kawo masa tukunyar iskar numfashi da siririn bututu a hanci. Ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci taga. Bai taɓa damuwa da masu hasashen yanayi ba, amma yanzu yakan sa a ƙara sautin rediyo in sun fara. Agwagwan daji suka wuce kudu, ganye ya zube, amma sanyin ya ƙi kamawa. Renita tana zuwa duk Juma'a ta koma Litinin. Wayar tana kan tebur tsakaninsu, ba mai ambaton ta. Sau ɗaya ta shigo ta same shi ya ɗora tafin hannunsa a kanta, kamar mai jin zafin goshin yaro. Ta yi kamar ba ta gani ba.

A ƙarshen watan suka wayi gari an yi yayyafin ƙanƙara. Renita ta shigo da murna. Clement ya ce a dakata, ba zubowa ake nema ba, kwanciya ake nema, kuma labari sai rana ta faɗi. Kafin hantsi rufin gidaje ya fara ɗiga. Da la'asar ya aike ta bayan tarin itacen wuta, inda rana ba ta kaiwa, ta duba. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta ce akwai saura, ta rufe ƙasa sosai.

Ya dubi ƙafafunta. "Farfesa, ba ki iya ƙarya ba. Takalminki duk laka."

Ta zauna a ƙasa ta jingina kai da gwiwarsa ta yi kuka. Ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ce mata ba fushi yake ba, da shi ne ma da ya gwada. Amma abu ɗaya ya sani tabbas game da uwarsa, shi ne ba ta faɗin labarun nan a kan baƙar ƙasa. In ya karya wannan don ya ji ta, bai san wace ce zai ji ba.

Sati biyu bayan haka ya daina tashi daga gado sai da taimako. A lokacin ne takardun da Renita ta nema tun watan Agusta suka iso, kwafin littafin da masanin yake rubuta bayanansa. An ajiye shi a wani gini daban, shi ya sa ya daɗe. Tana zaune a bakin gadon da rana tana bin shafukan, sai ta tsaya. A ƙarƙashin lambar faifan, mutumin ya rubuta da ƙaramin rubutu: minti biyu da daƙiƙa arba'in na farko hayaniyar gida ce, ba ta da amfani, labari ya fara bayan nan.

Ta karanta masa. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya kalli rufin ɗaki, tukunyar iskar tana huci. Can ya ce hirar gida ba ta da lokaci, ko da damina ana yin ta. Ya ce ta ɗaga shi zaune, ta miƙo masa hularsa.

Ta kunna. Da farko shuuu kawai ake ji. Sai ƙarar ƙofar murhu, da itace yana faɗawa wuta. Wani namiji ya yi tari. Baturen ya faɗi kwanan wata da Turanci. Kujera ta ja a kan katako. Sai wata mace ta yi magana da yarenmu, kusa da na'urar, muryarta ƙasa-ƙasa, da ɗan kaushi, tana cewa a rufe ƙofa ana ɗumama daji. Aka yi dariya. Ta tambayi wata ko ta kawo kofinta. Renita rabi take kamawa, amma ba ta buƙaci fassara ba, fuskar tsohon take kallo.

Sai muryar ta juya gefe, ta yi laushi. "Kai ɗan kwaɗona, cire takalman nan, sun jiƙe. Zo nan kusa da ni." Aka ji ƙananan ƙafafu a kan katako. "Yau ka buɗe ido. In ka sake yin barci kafin ƙarshe, ba zan maimaita ba, sai baɗi."

Ɗakin cikin faifan ya yi tsit. Aka ji ta ja dogon numfashi. Clement ya ɗaga hannu, Renita ta danna ta tsayar. Lambar da ke kan wayar ta nuna saura daƙiƙa biyu labari ya fara.

Ya sauke hannun. Hawaye na bin gefen bututun yana sauka a haɓarsa. Sannan ya ce, kamar mai ba da rahoto, "Na kuwa yi barcin."

Ya sa ta maimaita masa sau goma sha ɗaya a ranar, kuma kowane karo hannunsa na tashi a wuri ɗaya. Ya gaya mata mai tarin kawunsa ne, wadda aka tambaya kofi kuma maƙwabciyarsu ce mai aron kaya ba ta mayarwa. Ya ce ashe muryar ta fi yadda yake zato kauri. Ya ce ya manta ɗungum tana kiransa da wannan sunan.

Washegari ya ce ta buɗe aljihun rigarsa da ke rataye. Akwai ƙullin taba a ciki. Ta miƙa masa, shi kuma ya juya ya miƙo mata. Ya ce in ƙasa ta yi fari, ta tara yaran gidan nan, ta kunna daga farko, ta ji masa ƙarshen. Renita ta dubi ƙullin, ta san abin da karɓarsa ke nufi. Ta karɓa.

Ya rasu bayan kwana tara, da hantsi, ana ruwan sama. Ƙanƙara ta zo kwana huɗu bayan an binne shi, ta yini tana zuba, ta kwanta.

Renita ta rubuta wa jami'ar tana roƙon abu biyu: a sa sunan Angeline Bellanger a jikin kwalin, kuma a rufe faifan daga narkewar ƙanƙara zuwa kwanciyarta. Sunan sun sa. Maganar rufewa sun ce sun miƙa wa kwamiti, har yau ana jira.

Da rana ta faɗi a ranar da ƙasa ta rufu, ta tara dangi a ɗakin girkin. Ta ɗora jar hular a kan kujerar da ke fuskantar taga, ta kunna. Da aka kai wurin numfashin nan yatsanta ya motsa da kansa, ta janye shi. Labarin ya yi kusan awa ɗaya. Ba zan faɗe shi a nan ba, ban san watan da za a karanta wannan ba. Da ya ƙare aka ji mutanen cikin faifan suna miƙewa, ana neman riguna. Kafin Baturen ya kashe na'urarsa, muryar Angeline ta sake fitowa, a hankali, tana magana da wani a gefe.

"Ya yi barci. Miƙo bargon nan a rufa masa."