Takardar da Babu Yara

Lokacin ƙidayar jama'a bayan samun 'yancin kai, aikina a Mubi shi ne duba takardun da masu ƙidaya ke kawowa daga ƙauyuka. Ina da wata dabara, kuma ina ji da ita. Nakan baje takardun a tabarma in kasa su: ƙauyukan kan dutse gefe guda, na bakin mayo, wato kogi, gefe guda, rugage ma haka. 'Yan kashi ɗaya kan yi kama da juna. Wadda duk ta fita daban, ko dai kuskure ne, ko mai ita ya zauna a gindin tsamiya ya ƙaga abinsa.

Wata takarda daga duwatsun Gude ta ƙi shiga ko'ina. Gidaje cike da matan aure, amma layin ƙananan yara wayam. Na rubuta "ƙarya" da jan biro na miƙa wa shugabanmu. Washegari aka kori mai ita, wani tsohon soja, a gaban jama'a.

Ranar kasuwa sojan ya tare ni a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Mari ɗaya ya kai ni ƙasa. Ya taka hannuna na dama ya murza har yatsa ya ce ƙas. Dillalan shanu suka taso, ya ɗaga gora, kowa ya ja baya.

Ya ce da Hausarsa ta bariki, "Malam, kai ya ce ni ya yi ƙarya? Tashi, yau idon ka zai gani."

Ya tasa ni gaba muka hau dutsen, jini na zuba daga hancina. Duk inda na tsaya sai in ji gora a gadon baya. Ban taɓa tsanar mutum kamar ranar ba.

A ƙauyen mata na niƙa, babu mai goyo ko ɗaya. Ya ja ni bayan gidaje ya nuna mini ƙananan kaburbura jere. Ashe ƙyanda ce ta shigo musu da damina.

Ya shaƙe ni da wuyan rigata. "Ƙirga! Ba kai ne gwani ba?"

Na kasa. Kunya ta fi dukan ciwo.

Da na sauko na roƙi shugabanmu ya mayar da sojan aiki. Ya ce ai an riga an aika takardun. Don kada takardar sojan ta bambanta da sauran, kafin a aika ya sa an cike layin yaran da adadi irin na ƙauyukan maƙwabta.