Ta Bango ko Ta Murhu

Lawali Mai-Fenti mutumin Bunguɗu ne, amma a Gusau ya yi yawancin rayuwarsa. Rumfarsa tana jikin tawa a bakin tasha, ni ina gyaran agogo, shi yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Siriri ne, ba ya son surutu, kuma da wuya ka gan shi babu ɗigon shuɗin fenti a gemu. Duk aikin da ya gama, a can ƙasa ta hannun hagu yakan zana ɗan tsani mai hawa uku. Alamarsa ke nan. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Yana da yaya mace guda, Shafa'atu, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijinta ya rasu sai ta kama sayar da abinci a wani zaure cikin lungu bayan tasha: tuwon dawa, miyar sure, hoce, da man shanun da wata Bafillatana take kawo mata daga wajen Wanke. Ba ta da allo. Direbobi sun san ƙofar, ita kuma hakan ya ishe ta. Kullum da azahar Lawali yakan je can, ta zuba masa a akushin mahaifinsu, wanda ba ta ba kowa sai shi.

A ƙarshen 1996 aka ba mu jiha. Ma'aikata suka yi ta dawowa daga Sakkwato, da yawansu sun baro iyali a can, ga 'yan kwangila daga Kaduna da Zariya. Duk mutanen nan suna bukatar inda za su ci abincin rana. A lokacin baƙo ba shi da wata waya a aljihu da zai latsa ta nuna masa wuri. Wani ne zai ce masa, in ka isa Gusau ka nemi tuwon Shafa'atu. Shi kuma in ya sauka sai ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya faɗi sunan, a ɗauke shi a babur a kai shi.

Alhaji Mas'udu dillalin hatsi ya lura da yawan masu faɗin sunan nan. Ya sayi fili a bakin titi, daidai bakin lungun Shafa'atu, ya gina ɗaki babba na bulo. A makon da ta tafi Bunguɗu jinyar gwaggonsu, sai ga shi a rumfar Lawali. Ina zaune.

"Malam Lawali, yayarka ta bar lungu," in ji shi. "Mun gama magana, wurin nan nata ne, ni nawa gini. So nike ta dawo ta iske sunanta a bango. Ka yi shi yadda makaho ma zai gani."

Lawali bai saba dariya ba, amma ranar na ga haƙoransa. Kwana huɗu ya yi a kan bangon. Ya kankare shi, ya shafa fenti mai mai har hawa uku, irin wanda yake ajiyewa don manyan motoci. Kowane harafi ya kai tsawon hannun mutum. TUWON SHAFA'ATU, da shuɗi. Ya sa tsaninsa a ƙasa.

Ranar da ta dawo, wasu mata biyu da Alhaji ya ɗauko suna ta tuƙa tuwo a bayan ginin. Shafa'atu ba ta karanta boko, amma wani ya karanta mata, tsanin kuwa ta san shi. Ta zo rumfa da kayanta a kai, ko gida ba ta isa ba.

"Lawali, tsanin da ke ga bangon can naka ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"To. Allah shi ƙara ma hannunka albarka."

Ta juya. Washegari da ya je cin abinci, a kwanon silba ta zuba masa, irin na kowa da kowa. Ya ci, ya wanke hannu, ya dawo. 

An kai magana gaban mai unguwa. Alhaji Mas'udu ya zo da babbar riga, yana murza carbi.

"Ranka shi daɗe, ɗiyata ta fari Shafa'atu sunanta. Ko sai na nemi izinin wani kafin in sa sunan ɗiyata ga bangona?" Sai ya dubi Lawali ya yi murmushi. "Kuma ni ko layi ban iya ja da buroshi ba. Ga wanda ya rubuta nan, ƙanenta."

Mutane suka yi dariya. Mai unguwa ya ba da haƙuri, aka tashi.

Daga nan baƙo in ya ce Shafa'atu, ɗan kabu-kabu sai ya sauke shi gaban bango, tunda nan ne bakin titi kuma ga suna ɓaro-ɓaro. Tukwanen Shafa'atu biyu suka koma ɗaya. Ta ce wa Bafillatanar ta rage man da take kawowa. Na zaci Lawali zai je ya watsa wa bangon baƙin fenti, har na fara shirya abin da zan ce masa. Bai je ba.

Abin da ya yi, da la'asar yakan rufe rumfa ya koma bencin da 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja, ya zauna yana saurare. Mako uku yana haka. Wata rana ya ce mini, "Malam, baƙo ba ya ganin bango sai an kai shi gabansa. Bakin mai babur shi ne allon farko."

Sai ya fara yi musu rubutu kyauta. Wannan a sa masa sunansa a tanki, wancan a zana masa fure a robar da ke tare taɓo ta baya. Shugabansu, Sahabi Dogo, ya ce, "Kai Mai-Fenti, wagga kyauta taka ta yi yawa. Mi kake so?"

"Abu guda. In baƙo ya ce Shafa'atu, ku tambaye shi, ta bango ko ta murhu."

"Shi ke nan? Ba za mu ce tuwon Alhaji da tsakuwa ba?"

"Kada wanda ya yi masa ƙarya. Ku dai yi tambayar."

Tambayar kuwa ba ta tsayawa ita kaɗai. Baƙo zai ce mene ne bambancin, ɗan kabu-kabu kuma bai taɓa ƙin ba da labari ba. Kafin a isa bakin lungu an gama faɗin yadda aka sa ƙane ya rubuta sunan yayarsa a bangon wani. Kowane mai babur da irin gishirin da yake ƙarawa. Ban ji labarin wanda ya saurara har ƙarshe ya ce a sauke shi a bango ba.

Lawali bai tsaya nan ba. Motar da ta taso daga Funtuwa tana tsayawa a Tsafe, wadda ta taso daga Sakkwato tana tsayawa a Bunguɗu. Ya riƙa ɗaukar gwangwaninsa yana zuwa tashoshin biyu, yau nan, jibi can. Duk direban bas da ya yarda, sai ya sabunta masa rubutun motarsa kyauta, a ƙasa kuma ya ƙara kalma biyu ƙanana, TA MURHU, da tsani. Fasinja sukan tambayi kwandasta ma'anarsu. Ta haka baƙo yakan iso Gusau da labarin a kunnensa tun bai ga gari ba. Lawali ya rame a watannin nan. Aikinsa na rumfa ya ja baya, wasu masu shaguna suka kai allunansu wani wuri. Na yi masa magana sau ɗaya. Ya ce, "Na ji, Malam," ya ɗauki gwangwani ya tafi Tsafe.

Abin da ya fi yi masa daɗi, ina jin, shi ne yadda kwatance ya koma. A da zauren Shafa'atu yana da wuyar kwatantawa. Yanzu kowa sai ya ce, ka ga babban bangon nan mai shuɗin rubutu? To ba nan ba ne, ka shiga lungun da ke gefensa. Alhaji ya sayi wuri mafi kyau a titin, ya gina, ya zama shi ke nuna wa mutane hanyar zaurenta. Matan da ya ɗauko suna zaune suna kallon masu hula da takalman ofis suna wucewa ta ƙofarsu. Kafin damanar 1998 tukwanen Shafa'atu sun zama uku. Kwanon silba dai bai canja ba.

Wata safiya Alhaji Mas'udu ya zo rumfa. Wannan karon bai zo da carbi ba. Ya gaishe ni, ya gaida Lawali har sau biyu.

"Malam Lawali, so nike a canja rubutun nan. A sa Gidan Abincin Alheri."

Lawali yana wanke buroshi a kananzir, bai ɗago ba.

"Alhaji, sunan ɗiyarka ta fari? Ni in sa hannu in shafe sunan ɗiyar mutum? Allah shi kiyaye."

"Haba Malam, abin ya wuce."

"Ai yana nan. Yanzu na gano shi da zan fito."

Masu rubutun allo na Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba su fi a ƙirga da yatsu ba a lokacin, kuma akwai abin da suke kiyayewa a tsakaninsu: ba ka shafe aikin da ke ɗauke da alamar ɗan'uwanka sai ya ce ka shafe. Duk wanda Alhaji ya je wa, amsa ɗaya ce, a tambayi mai tsani. Daga ƙarshe ya sa lebura ya shafe bangon da farar ƙasa. Ruwan farko da aka yi ya wanke ta, shuɗin ya fito kamar jiya aka rubuta. Ya sayo fentin ruwa aka shafa. Bai kama jikin mai ba, ya yi ta ɓarewa yana zuba. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, Lawali yakan biya ta nan kafin ya buɗe rumfa, ya tsaya a tsallaken titi, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

A farkon 1999 Alhaji ya sallami matan, ya mai da ɗakin ma'ajiyar buhunan dawa. Sunan yana nan a bangon, rabi fari rabi shuɗi.

A makon ne na raka Lawali cin abinci. Shafa'atu ta zuba mini a kwanon silba. Ta shiga ciki ta ɗan jima, ta fito da akushi, ta goge shi da gefen zanenta, ta cika shi, ta sa man shanu fiye da yadda ta saba. Ta ajiye a gabansa.

"Ya isa hakanan, Lawali," ta ce. "Mutumin nan ya aiko mani har sau biyu. Ka tai ka shafe mashi bangonshi."

Lawali ya yi bisimilla, ya kai loma, ya tauna a hankali.

"Farin fentina ya ƙare, Yaya."

Da yamma da na leƙa rumfarsa neman ashana, na ga gwangwani huɗu na fari a ƙarƙashin benci, ko buɗe su ba a yi ba.